Fayil Ba Ya Tafiya Da Ƙafarsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ba ya bukatar a gaya masa nauyin kalmar nan diyya. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978, ta cinye gonaki da gidaje, kuma gardamar biyan diyya ce ta kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Darasin da muka ɗauka shi ne, haƙƙin talaka yakan salwanta a tsakanin ranar da ya kai kuka da ranar da aka ce za a share masa hawaye. Yau muna so mu yi magana a kan wata diyyar, wato ta ma'aikacin da ya naƙasa a bakin aiki.

Tun 2010 Nijeriya take da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Wanda ya ɗauki ma'aikaci shi ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga aljihun ma'aikacin. Dokar ta ce a sanar da shugaban wurin aiki cikin kwana 14 da aukuwar haɗari, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, sa'an nan a shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda. Wanda naƙasarsa ta hana shi aiki har abada yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

To, amma sau da yawa mutanenmu, da zarar sun miƙa takarda, sai su koma gida su naɗe hannu, suna cewa sun bar wa Allah. Dogara ga Allah wajibi ne, amma ai ba ya hana ɗaure raƙumi. Fayil ba shi da ƙafa, kuma jami'in da zai yanke hukunci bai taɓa ganin mai ciwon ba. Abin da ke cikin fayil shi kaɗai yake gani.

Saboda haka, abu na farko shi ne kada a yanke zuwa asibiti. Ba mu raina maɗori ba, amma maɗori ba ya ba da takarda. Direban ƙaramar hukuma da ya karye a hanyar Kaya, in ya koma ɗorin gida ya daina ganin likita, to, fayil ɗinsa zai nuna kamar ya warke ne. A ci gaba da zuwa Babban Asibitin Talata Mafara, in an tura mutum Gusau ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya je, ya adana kati, da hoton ƙashi, da kowane rasit.

Na biyu, a roƙi likita ya bayyana abin da mutum ya kasa yi a yanzu. "Ya karye a cinya" magana ce. "Ba zai iya taka birki ba" hujja ce, domin da irinta ake auna yawan abin da za a biya.

Na uku, a nemi abokan aikin da suka ga haɗarin su rubuta shaida su sa hannu tun ba a yi musu canjin wurin aiki ba. A haɗa da takardar ɗaukar aiki da ta albashi.

Na huɗu, kowace sabuwar takarda a kai ta da wasiƙa mai ɗauke da lambar fayil, a buga wa mutum tambari a kan kwafinsa. Kada a saki ta asali ba tare da kwafi a gida ba. In an kira mutum gwajin likita, kada ya saɓa ranar. In kuwa aka ƙi biya, ba ƙarshen zance ke nan ba: akwai kwana 180 na ɗaukaka ƙara a gaban hukumar, bayan nan kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wannan aiki namu ne. Masinja ko lebura da ke kwance a ɗaki ba zai iya rubuta wasiƙa da Turanci ba, mu kuwa da guminsa aka koya mana ita. In an tafi hutu, kowa ya bincika unguwarsu, ya ɗauki biro ya taimaka. Ku kuma matasan ma'aikata da fayilolin nan ke bi ta kan teburinku, ku tuna cewa a bayan kowace lamba akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba. Wanda ke zaune a kan fayil ɗin wani yau, bai san ranar da nasa zai faɗa hannun wani ba.