Gwiwar Rodri da taka: Me ya sa shi ya yi wata takwas, kai kuma mako uku?

Idan kana bibiyar ƙwallo ba za ka manta da hoton nan da ya karaɗe Facebook da TikTok a ƙarshen watan Oktoban 2024 ba, lokacin da Rodri na Manchester City ya hau dandamali a birnin Paris yana dogara sanduna don karɓar kyautar Ballon d'Or. Wata guda kafin nan, a wasansu da Arsenal, jijiyar gwiwarsa da ake kira ACL ta tsinke, kuma bai sake buga wa ƙungiyarsa wasa ba sai a watan Mayun 2025. Neymar da ya ji irin wannan rauni a wasan Brazil da Uruguay a Oktoban 2023, shekara guda cur ya yi a waje. Van Dijk na Liverpool ya yi wata tara bayan karon da suka yi da golan Everton a 2020. Namu na gida ma, Zaidu Sanusi ɗan Jega da ke Porto, ya gamu da ita a Fabrairun 2024, jim kaɗan da dawowa daga gasar cin kofin Afirka, ya kuma shafe watanni yana jinya.

To, ka duba fa. Waɗannan mutane ne da ke da likitoci na musamman da na'urori da kuɗin da ba ya ƙirguwa, amma duk da haka suka zauna suka jira. Kai kuwa da ka murɗe gwiwa a filin makarantar firamaren unguwarku, an ja ƙafar, an shafa man zafi, an ɗaure da tsumma, bayan mako uku ka haɗiyi ƙwayar kashe ciwo ka ce wa koci ka warke. Anya kuwa?

Bari mu fara da abin da ke cikin gwiwar. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri: biyu a gefe da gefe, biyu kuma a can tsakiya sun gitta juna. ACL ɗaya ce daga cikin na tsakiyar, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko juyawa fiye da kima. Akwai kuma wani guringuntsi mai siffar jinjirin wata, guda biyu a kowace gwiwa, da ke aiki kamar matashi tsakanin ƙasusuwan. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, yawancin masu tsinka ACL babu wanda ya taɓa su. Kana gudu ka dasa ƙafa ka juya farat ɗaya, ko ka yi tsalle ka dira a karkace, shi ke nan. Mata 'yan wasa ma sun fi maza shiga wannan haɗari.

Alamominta ba ɓoyayyu ba ne. Da yawa sukan ji wata ƙara "ƙas" a cikin gwiwar, cikin 'yan awanni ta kumbura suntum saboda jinin da ya taru. Idan kumburin sai washegari ya fito, kuma gwiwar tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, an fi zargin guringuntsin nan ne ya yage. Ciwo a gefen ciki bayan an buge ka daga waje kuwa yawanci jijiyar gefe ce, irin wadda ta fitar da Asisat Oshoala daga gasar mata ta Afirka a 2022. Ita wannan da sauƙi, takan haɗe da kanta cikin makonni idan an tallafe ta. ACL da ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa ba.

A nan ne muke yin kuskuren farko. Sai a je a ɗauki hoton ƙashi, a ce babu karaya, kowa ya yi hamdala a ce targaɗe ne kawai. Ai hoton ƙashi, ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Likitan ƙashi ko na fisiyo, wanda muka fi sani da mai gashin ƙashi, zai fara ne da tambayarka yadda abin ya faru, ya kalli tafiyarka, ya auna iya inda gwiwar ke lanƙwasuwa. Sannan ya kwantar da kai, ya ɗan tanƙwara gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. Wannan shi ne gwajin Lachman. Idan ƙwaurin ya taho sakaka ba tare da wani abu ya tare shi ba, to akwai magana. Hoton MRI ne ke tabbatarwa, kuma gaskiya yana da tsada, shi ya sa gwajin hannun ƙwararre ke da muhimmanci a wurinmu.

Ba wai ina raina masu ɗori ba ne. Suna kusa da mu, kuɗinsu da sauƙi, iyayenmu sun yarda da su. Amma jijiyar da ke tsakiyar gaɓa ba a ɗora ta daga waje, kuma ja da murza da ruwan zafi a kwanakin farko ƙara kumburi suke yi. Abin da ya kamata shi ne ka fita daga fili nan take, ka naɗe ƙanƙara a ƙyalle ka ɗora na kamar minti 15 zuwa 20, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba, ka ɗaga ƙafar sama. Idan kuwa ka kasa taka ta ko taku huɗu, ko gwiwar ta sauya siffa, ko tafin ƙafar ya yi sanyi ya mutu, kada a jira gari ya waye, a wuce asibiti.

Kuskure na biyu ya fi na farko cin mutane, wato ɗaukar tafiyar ciwo a matsayin warkewa. Bayan makonni kumburi zai sace, za ka yi tafiya lafiya lau har ka hau babur. Amma ranar da ka zo yanke ɗan baya, sai gwiwar ta sulluɓe. Duk sulluɓewa ɗaya tana iya ƙara yaga guringuntsi, kuma wannan ce hanyar da ke kai matashi ga ciwon gaɓa irin na tsofaffi tun bai tsufa ba.

Ba kowa ke buƙatar tiyata ba. Wanda ba ya wasan juye-juye yana iya rayuwa da atisaye kaɗai. Wanda aka yi wa kuwa, akan yanko wata jijiya daga gaban gwiwarsa ko bayan cinyarsa a dasa masa, kuma daga nan ne ainihin aikin ke farawa. Matakin farko a sauke kumburi, gwiwa ta miƙe sarai, a farkar da tsokar gaban cinya wadda ke saurin zubewa. Sai keken motsa jiki da tsugunno da ɗaga nauyi da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Gudu sai wajen wata na uku ko na huɗu, tsalle da juyi kuma daga baya. Kafin a sallame ka, ana so ƙarfin ƙafar ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gano cewa duk wata ɗaya da ɗan wasa ya ƙara jira, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin rauni na raguwa da kusan rabi. Ka ga ke nan Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.

Na san abin da za ka ce: "Mu ina muka ga kuɗin Man City?" Gaskiya ne, kuma laifi ne babba a ce ana shirya gasar unguwanni da kofin ciyaman, a kashe kuɗi a kan riguna da masu kiɗa, amma babu ko kular ƙanƙara a bakin fili. Sai dai akwai abin da ke hannunka. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na jami'o'i suna da sashen fisiyo, kuma yawancin atisayen da za a koya maka tabarma da bango da matakala kawai suke buƙata. Akwai kuma tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne kafin tirenin, kyauta yake a YouTube, an kuma nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka tura wa kocinku a guruf ɗin WhatsApp yau ɗin nan.

Idan kuma yanzu haka gwiwarka na sulluɓewa kana ɓoyewa don kada a cire ka daga tim, ka je a duba ta cikin makon nan. Kofin bana zai wuce, a sake saka wani baɗi, amma da wannan gwiwar za ka yi neman abinci har tsufa.