Mota a Kano, Makullinta a Hannun Turawa

A da, in mutum ya biya kuɗin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, to mota ta zama tasa. In ta lalace, makanikan Ƙofar Ruwa su kwance ta su ɗaura. Yanzu kuwa manyan kamfanoni sun zo da sabon salo. Mota ta koma kwamfuta mai taya huɗu, da layin waya a cikinta, kamfani na can ƙasarsa yana aiko mata da sabuwar manhaja cikin dare, mai ita na sharar barci. Wai gyara ne. To wanda ke iya gyara abu daga nesa, me zai hana shi ɓata shi daga nesa?

Ba zato ba ne. A shekarar 2015 wasu masana biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suna zaune a gida suka shiga ƙwaƙwalwar wata Jeep Cherokee da ke gudu a babban titin St. Louis ta Amurka, suka katse mata giya tana tsakiyar tafiya. Dole kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4. Waɗannan fa mutum biyu ne masu gwaji. Ina ga 'yan leƙen asiri? Takardun sirrin da Wikileaks ta fallasa a 2017 sun nuna tun 2014 hukumar CIA ke nazarin yadda za ta kutsa cikin na'urorin da ke sarrafa motoci.

A 2022 sojojin Rasha suka kwashe motocin noma ƙirar John Deere daga garin Melitopol na Yukren zuwa Checheniya, aka kulle su daga nesa suka zama ƙarfen banza. Kafafen Yamma suka yi ta tafi, tunda abokin gabarsu aka yi wa. Amma hannun da ya kashe tarakta a Checheniya, zai gagara kashe ta a Kadawa ranar da aka ƙaƙaba wa ƙasar nan takunkumi?

Abin lura, ita kanta Amurka a watan Janairun 2025 ta kafa dokar hana manhajar Sin da ta Rasha a motocin da ke haɗe da intanet, wai don tsaron ƙasa. Wato su ba su yarda wani ya riƙe masu makulli ba, amma raunanan ƙasashe su miƙa nasu suna godiya! Su kuwa mahukuntan nan da ke rige-rigen sayen manyan jif-jif da dukiyar talakawa, wa ya taɓa jin sun tambayi wanda ke iya magana da motar bayan direba?

Kada wani ya ce lungunan Mandawari da Yakasai sun yi nisa da wannan fitina. Motar da Bature ya hau bana, ita ce za ta shigo ta Kwatano nan da 'yan shekaru. Ƙaramin samfurinta ma ya riga ya iso: wayar bashi da ake kullewa in an makara biya, da na'urar da ake maƙala wa abin hawa don a kashe injinsa da saƙon waya.

Fasa gilashi ko gudun ilimi ba zai fisshe kowa ba. Wajibi ne 'yan'uwa matasa da ke gareji su haɗa sifana da karatun kwamfuta, har su iya gane inda layin wayar mota yake da abin da take aikawa. Mai sayen mota kuma, kafin ya ƙirga kuɗi, ya tambayi dillali: wa ke iya kashe ta daga nesa, kuma ana iya cire masa hannu?