Sojan da ke barci ma yana bakin daga

1/
Daren 25 ga Disamba 2025 ina gida Jabo, ana hutu. Sama ta yi ja, gidaje sunka girgiza, mutane na ta salati. Daga baya gwamnati ta ce ɓaraguzan makaman da Amurka ta harba wa 'yan ta'adda a yankin Tangaza ne sunka faɗo mana. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi. Ku biyo ni cikin wanga zare.

2/
Tangaza na can arewa wajen iyakar Nijar, mu muna kudu. Ba a yaƙi a garinmu, amma abu ya zo ta sama ba sallama. Tun ranar nake tunanin sojojinmu.

3/
Ɗan baffana soja ne. Duk sanda ya kira ya ce "mun dawo sansani", sai innarshi ta yi ajiyar zuciya. A wajenta haɗari na daji, sansani kuwa gida ne. Da can haka ne. Ƙaramin jirgi mara matuƙi, wanda muke cewa duron, ya rushe wanga lissafi.

4/
A Disamba 2024 ISWAP ta kai hari sansanin soji na Wajiroko, ƙaramar hukumar Damboa a Borno, da duron masu ɗauke da gurneti haɗin gida. Sojoji sun jikkata. A Oktoba 2025 rundunar soji da kanta ta ce an yi amfani da su a hare-haren Dikwa da Mafa.

5/
Kuma fa ba wani abin mamaki ba ne. Irin wanda mai ɗaukar bidiyo ke tayarwa a wajen biki ne, farfela huɗu da kyamara. Ya fara leƙo ya ga inda ake kwana da inda anka aje mai, sannan ya dawo da kaya.

6/
Kada wani ya ce sakacin Najeriya ne kawai. 28 ga Janairu 2024, duron ya faɗa wurin kwanan sojojin Amurka a sansanin Tower 22 a Jodan. Uku sun mutu, sama da 40 sun ji rauni. Rahotanni sun ce an zaci nasu ne ke dawowa.

7/
1 ga Yuni 2025 kuma Yukiren ta ɓoye duron 117 cikin manyan motoci, ta kona jiragen yaƙin Rasha a filayensu, har wani can Sibiriya, sama da kilomita 4,000 daga fagen daga.

8/
Mu dawo gida. Mayaƙan JNIM na amfani da duron a Mali da Burkina Faso. Lakurawa kuma ta wanga yanki na Sahel sunka shigo Tangaza da Gudu. Dabarar da ta kai Borno me zai hana ta Sakkwato? Ai tun kafin damina ake gyaran rufi.

9/
Na san amsar da za a ba ni: a sayo na'urar toshe sigina. Eh, a saya. Amma tana son wuta dare da rana da wanda ya iya ta, kuma a Yukiren yanzu akwai duron da ake sarrafawa da siririn zaren gilashi, ba ruwanshi da sigina. Sannan tsakani da Allah, yaushe za ta iso shingen sojoji goma a hanyar Sakkwato zuwa Jega?

10/
Ni ra'ayina a fara da mai araha. Na farko, raga. A Yukiren ana lulluɓe tituna da ramuka da ita, har da tsofaffin ragogin kamun kifi. Farfela ta sarƙe, abin ya fashe nesa da mutum. Muna da masunta a Argungu da Yawuri, muna da masu walda a kowace kasuwa.

11/
Na biyu, rufi. Ku duba shingayen sojojinmu: buhunan yashi ta gefe, sama kuma kwano ko tanti. An yi su don harsashin da ke zuwa ta gaba. Wurin kwana na buƙatar kariya ta sama.

12/
Na uku, rarrabuwa. Kada a tara kowa a ɗaki ɗaya, kada a jera motoci wuri ɗaya, mai daban, harsasai daban. Lokacin fareti da cin abinci a riƙa canzawa. Abin da kake yi kullum ƙarfe bakwai, mai leƙe ya haddace shi.

13/
Na huɗu, mai gadin da aikinshi kallon sama da sauraro kawai, da ƙararrawar da kowa ya san ma'anarta, da atisaye har ƙafa ta san ramin da za ta nufa cikin duhu. Kuma a san lokacin da namu ke sama, saboda abin da ya faru a Jodan.

14/
Yanzu namu laifin. A 2018 manhajar motsa jiki ta Strava ta tona taswirar sansanonin Amurka, saboda sojoji na gudu da waya a jiki. Mu kuma ayarin soji na wucewa sai mu ɗauka mu ɗora a TikTok, har da sunan gari. Don Allah a daina. Soja ma da ke bidiyo a ɗakin kwananshi, ɗan'uwa, ba mu kaɗai ke kallo ba.

15/
Kada ka ce ba ruwanka don ba ka da soja a gida. Barikin Giginya cikin Sakkwato yake, akwai mata da yara da 'yan kasuwa. A shingen hanya akwai yarinya mai tallan ƙosai da mai shayi. Gurneti ba ya duba kaki.

16/
Don haka idan ɗan majalisarmu na Kebbe/Tambuwal ko sanatanmu ya zo gari, ga tambaya ɗaya: cikin kasafin tsaro, nawa ke zuwa ga raga, rufi da horon ƙananan sansanoni? Ina son ranar da ɗan baffana zai ce "mun dawo sansani", ajiyar zuciyar inna ta zama da hujja. Allah Ya tsare su, Ya tsare mu.