Wasiƙa Zuwa ga Masu Ɗaukar Bidiyo na Kusugu da Kewayen Daura



Maganata a kan kwalayen tsofaffin kaset ce, waɗanda ke jibge a ƙarƙashin teburan shagunanku. Ku da iyayen gidanku da suka koya muku sana'a ku kuka ɗauki Sallar Gani da Hawan Magajiya da naɗe-naɗen sarauta tun zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya mulki Daura daga 1966 zuwa 2007. Ina kyautata zaton a cikinku akwai mai riƙe da hoton jana'izar Mamman Shata, da aka yi a garin nan a 1999. Baƙon da ya zo Kusugu ana nuna masa rijiya, a ba shi labarin Bayajida da Daurama. Amma idan ya ce a nuna masa Daura ta shekaru 30 da suka wuce tana motsi, tana magana, sai a wajenku.

Kaset kuwa ba ya jira. Ku zaro ɗaya ku duba ta 'yar tagar nan tasa. In kun ga fari-fari kamar garin rogo a gefen zaren, damina ta riga ta shiga. Kada ku tura shi cikin na'ura a haka, zai ɓata kan na'urar, ya kuma shafa wa na bayansa. Zafin bazara a shagon kwano yana manne zare, ƙurar hunturu tana kankare shi. Ga shi kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016. Wadda ke hannunku a lallaɓa ta.

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru aka yi ana ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano shi a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wannan fim ne mai hukuma a bayansa. Kaset ɗin bikin wata baiwar Allah a Kusugu babu Bajamushen da zai zo nemansa.

Don haka a juye kaset ɗinku a kwamfuta tun yau, a ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban, kuma kada a zubar da na asali. A rubuta shekara da wuri da sunan mai taro da na wanda ya riƙe kyamara. Ku zaunar da dattijo ya kalla, ya faɗa muku wane ne a kan wane doki, tun masu gane fuskokin suna raye.

Sai batun mai mallakar fim, inda zumunci ya fi ɓaci. Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa wa hannu a 2023 ta ba fim kariyar shekara 50 daga fitowarsa, kuma sayar da haƙƙi sai a rubuce. Turmin Danya na 1990, wanda da shi aka buɗe fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano, yana da sauran wa'adi har 2040. Mallakar kaset daban, mallakar fim daban. Wanda ya sayi kaset a kasuwar Ƙofar Wambai bai sayi izinin ɗora shi a YouTube ba.

Ina roƙonku kuma ku bambance hawa da biki. Hawa a bainar jama'a aka yi shi, ya kamata ɗalibai su gan shi, a kai kwafi fada da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos bisa yarjejeniya mai ɗauke da sunanku. Kamu da ɗaurin aure kuwa amanar gida ce. Amaryar 1995 yanzu kaka ce, sai da yardarta da ta iyalinta za a fitar da hotonta. In sun ƙi, ku juye musu nasu ku miƙa.

Wassalam.