Gona da Garke: Shamuwa ta iso, a nuna wa yara

Bazara ta yi. Lokaci ne da uba zai kama hannun ɗansa da sassafe, su zagaya bayan gari.

Su fara duban manyan itatuwa. Wajen watan Mayu shamuwa take isowa daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa cikin gari. Ganinta na nuna damana ta kusa: sai a gyara gona, a fiddo iri.

Su dubi gawo. Sauran itatuwa na toho, shi kuwa ganyensa yake zubarwa in ruwa ya kama.

Bayan ruwan fari, shinge na fitowa da marece, kwaɗi su cika tabki da kuka. Amma tsuntsu ba ya auna lema. Kafin shibka, yaro ya tona ƙasa ya gani ko ruwa ya shiga sosai. Yayyafi kan cinye iri.

A hana yara jifar shamuwa ko ɗibar ƙwanta, don fāra take ci, abokiyar gabar hatsi. A kuma gargaɗe su: ba a sa hannu cikin rami, kunama da maciji sun fito.

Abin da yaro ya gani da idonsa, ba ya mantawa.