Wa Ya Raɗa wa Kiɗan Jama'a Sunan "Kiɗan Duniya"?

Ran 29 ga watan Yuni, 1987, waɗansu masu ƙananan kamfanonin faifai da 'yan jarida da ma'aikatan rediyo suka taru a wani gidan giya da ke unguwar Islington, a birnin London, don su yi shawara a kan wata matsala ta kasuwa. Matsalar kuwa ita ce, faya-fayan mawaƙan Afirka da na Asiya da na Kudancin Amurka sun fara samun masu saye a Ingila, amma masu kantuna ba su san inda za su jera su ba, tun da ba su shiga layin rok ba, ba su shiga na jaz ba, ba su kuma shiga na rege ba. Aka kawo sunaye iri iri aka zubar, daga ƙarshe aka tsaya a kan wani suna na Turanci wanda ma'anarsa ita ce "kiɗan duniya". Aka tara Fam 3,500 don talla, aka rarraba wa kantuna alluna masu ɗauke da sunan, shi ke nan magana ta zauna.

Tun kafin wannan taro an san kalmar a jami'o'i. Wani malami Ba'amurke mai suna Robert Brown ya yi amfani da ita a Jami'ar Wesleyan wajen shekarun 1960, da nufin ɗalibai su koyi kiɗan kowace al'umma da daraja ɗaya. Da sunan ya faɗa hannun 'yan kasuwa sai ma'anarsa ta juya, ta koma nufin kiɗan kowa da kowa, ban da na Ingila da Amurka. Watau dai masu sayarwa ne suka yi zanen suna, masu ɗa kuwa suna gida ba su da labari.

To, wannan suna bai yi adalci ba, kuma dalilan a fili suke.

Dalili na farko shi ne, sunan ba ya bayyana komai game da kiɗan da aka laƙaba wa shi. In aka ce jaz, mai saye ya san irin abin da zai ji. In aka ce rege, haka nan. Amma in aka ce kiɗan duniya, me za a ji? A ƙarƙashin allo ɗaya aka jera Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan, mai waƙoƙin begen Sufaye, da Cesaria Evora ta tsibiran Cape Verde, mai waƙoƙin kewar gida, da Salif Keita na Mali, da Youssou N'Dour na Senegal, da Ravi Shankar na Indiya, da tsofaffin makaɗan Kuba. Waɗannan mutane ba su haɗa harshe ba, ba su haɗa kayan kiɗa ba, ba su haɗa kari ba. Abin da ya haɗa su kaɗai shi ne, dukkansu baƙi ne a wurin mai kanti. Ɗan kasuwar da ya zuba gero da barkono da kanwa da goro a buhu ɗaya, ya rubuta "kayan ƙauye" a jiki, ai kowa ya san ba ya girmama kayan, ko da kuwa yana cin riba da su.

Dalili na biyu, masu kare sunan sukan ce wai harshe ne ma'auni, duk waƙar da ba ta Turancin Ingilishi ba ce sai ta shiga can. Wannan magana ba ta da tushe. Waƙoƙin Verdi da Italiyanci ake rera su, na Wagner da Jamusanci, amma ba wanda ya taɓa jefa su cikin buhun kiɗan duniya. Suna da ɗakinsu dabam, ana kiransu manyan kiɗa na masu ilmi. Ga kuma Fela Anikulapo Kuti, wanda mafi yawan waƙoƙinsa da Turancin buroka ya yi su don kowa ya ji, amma a kantunan Turai can cikin buhun ake neman faya-fayansa. Ashe ke nan ba harshen ake dubawa ba. Ana duban inda mutum ya fito ne, da ƙarfin aljihun ƙasarsu. Lalle akwai 'yan Turawa kaɗan a ciki, kamar makaɗan gargajiya na Ayalan, amma su ma ai na gefe ne, waɗanda London ta daɗe tana yi wa kallon ƙauyawa.

Dalili na uku ya fi sauran nauyi, watau batun wa ya ci moriyar abin. Cikin 1986 Paul Simon na Amurka ya fitar da faifansa Graceland, wanda ya yi tare da makaɗan Afirka ta Kudu, cikinsu har da ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo. Faifan ya ci babbar kyautar Grammy ta faifan shekara cikin 1987, aka jera shi a gaban kanti da sunan Simon. Su kuwa mutanen da muryoyinsu suka ƙawata shi, in ana neman nasu faya-fayan sai a tafi lungun kiɗan duniya. Da masu Grammy suka buɗe rukunin kiɗan duniya cikin 1992, wanda ya fara ci shi ne Mickey Hart, Ba'amurke makaɗin rok, da faifan da ya yi tare da gwanayen ganga na ƙasashe dabam dabam, cikinsu akwai 'yan Nijeriya biyu, Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju. Cikin 1994 Ry Cooder na Amurka ya ci tare da wani makaɗi Ba'indiye, cikin 1995 kuma shi dai Cooder ya sake ci tare da Ali Farka Toure na Mali. A cikin shekaru huɗu na farko, sau uku ke nan sunan Ba'amurke yana jikin faifan da ya yi nasara. Ba a musun gwanintar waɗannan mutane, amma abin ya nuna cewa baƙo ba ya shiga gidan sai da ɗan jagora daga cikin 'yan gida.

Labarin Sunny Ade ma abin lura ne, ko da yake ya faru kafin taron London. Bayan rasuwar Bob Marley cikin 1981, kamfanin Island ya shiga neman wanda zai maye gurbinsa a kasuwa, sai ya ɗauki sarkin kiɗan juju. Ya fitar masa da faya-fayai uku, cikin 1982 da 1983 da 1984, har na biyun ya sa ya zama ɗan Nijeriya na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar Grammy. Da cinikin bai kai yadda kamfanin ya yi tsammani ba, sai aka rabu. Sunny Ade ya komo gida ya ci gaba da cika filayen biki a Ikko da Badun kamar yadda ya saba, don sarautarsa ba a London aka naɗa ta ba. Irin wannan kasuwa ce aka yi wa allo cikin 1987, kasuwar da ke ɗaukar baƙo yau ta ajiye shi gobe in an sami sabon abin kallo.

Gaskiya ne, kuma ba a ɓoye ta, sunan ya yi wa waɗansu rana. Bikin WOMAD da Peter Gabriel da abokansa suka fara a Ingila cikin 1982 ya kai makaɗa masu yawa gaban jama'ar da ba su taɓa jin labarinsu ba. Mujallar Billboard ta buɗe jerin cinikin kiɗan duniya cikin 1990. Tsofaffin makaɗan Kuba da aka manta da su sun sami suna da kuɗi a ƙarshen rayuwarsu bayan faifan da aka fitar musu cikin 1997. Buzayen ƙungiyar Tinariwen sun ci Grammy cikin 2012. Duk wannan alheri ne. Amma fa a tuna, wanda aka saukar a zaure ya sami inuwa, sai dai bai shiga gida ba. In mutum ya yi shekara talatin a zaure, ya dace a tambayi mai gida dalili.

Mutanen Arewa mazauna Kudu ba su bukatar dogon bayani a kan wannan, domin sun san ɗacinsa a jikinsu. A Agege da Idi Araba, a Sabo ta Badun, a Anacha da Fatakwal, da Babarbare da Banufe da Bafillace da Bazabarme da Bagwari, duk suna ɗaya ake kiransu da shi, ko a ce Hausa ko a ce aboki. Mai kiran sau da yawa ba ya nufin zagi, sauƙi yake nema. Amma sauƙin nasa ya shafe garin mutum da harshensa da asalinsa. Abin da London ta yi wa kiɗan mafi yawan 'yan Adam ke nan.

A dubi kiɗan Hausa kaɗai a ga irin ɓarnar da suna ɗaya zai yi. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo masu kotso, da masu taushi da tambari da kakaki da algaita. Akwai makaɗan sana'a, kalangu na mahauta, dundufa na maƙera, gangar noma ta manoma. Akwai makaɗan maza, irin su Ɗan Anace na 'yan dambe. Akwai amada ta mata, wadda Barmani Choge ta shahara da ita. Akwai Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji da gurminsa, da Mamman Shata wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa cikin 1988. Kowane kiɗa da wurinsa da lokacinsa da wanda ake yi wa shi, har ma akwai wanda in aka kaɗa wa talaka an yi laifi. Wannan a harshe ɗaya ke nan. To, ina ga Nijeriya duka, da juju da fuji da apala da sakara da sauransu? Ina ga Afirka? Cikin 1977, lokacin bikin FESTAC a Ikko, ƙasashe fiye da hamsin suka kawo kiɗansu, kowa da tutarsa da sunansa, ba wanda ya ga wahalar kiran kowane kiɗa da sunan da masu shi suka ba shi.

Su kansu masu sunan sun fara jin kunyarsa. Cikin 1999 David Byrne, mawaƙin Amurka wanda shi da kansa yana da kamfanin da ke sayar da irin waɗannan faya-fayai, ya rubuta a jaridar New York Times cewa ya tsani kalmar. Cikin 2020 masu Grammy suka sanar da cewa sun sauya ta, domin tana da ƙamshin mulkin mallaka. Abin dariya kuwa, kalmar da suka kawo a madadinta, in aka fassara ta da Hausa, duniya ce dai. Burna Boy ne ya fara cin kyautar da sabon sunan cikin 2021. An sauya wa tuwo suna, amma tukunyar tana nan yadda take.

Abin da ya kawo canji na gaske kuwa ciniki ne. Rege ya sami rukuninsa a Grammy cikin 1985 don yana da masu saye. Mawaƙan Latin sun sami bikin kyautarsu dabam cikin 2000 don kasuwarsu ta fi ƙarfin a raina. Da kiɗan samarin Ikko da Ankara ya mamaye gidajen rawa na Turai, Ingila ta buɗe masa jerin cinikinsa cikin 2020, Billboard ta bi sahu cikin 2022, sa'an nan cikin 2024 Grammy ta fara ba da kyautar kiɗan Afirka, wadda Tyla ta Afirka ta Kudu ta fara ci, Tems ta Nijeriya ta ci cikin 2025. Ko da yake Afirka ma buhu ce babba, an dai rage cunkoso. Darasin shi ne, wanda ya riƙe kasuwarsa shi ke riƙe sunansa.

Saboda haka kuka da Turawa kaɗai ba zai wadatar ba. Mai son a kira kiɗansu da sunansa, sai ya fara daga gida. Ɗan Arewa da ke Mushin ya daina cewa kiɗan Yarbawa kawai, ya koyi bambancin fuji da apala, kamar yadda yake so maƙwabcinsa ya san bambancin kotso da kalangu. Gidajen rediyo su riƙa faɗin sunan kiɗa da garin makaɗi da wanda aka yi wa waƙa. Jami'o'i da hukumomin al'adu su tattara tsofaffin faya-fayan garmaho da kaset kafin su lalace, su rubuta tarihinsu. Masu saurare kuma su biya haƙƙin mawaƙa, su daina ƙarfafa masu satar fasaha, domin mawaƙin da gida bai ciyar da shi ba, dole ya karɓi kowane suna baƙo ya ba shi. Yaran da aka haifa a Kudu su ma a sanar da su waɗannan sunaye, kada su girma su riƙa jin labarin Shata daga bakin baƙi. Allah ya sa a gyara.