Yini Ɗaya a Birnin Katsina: Shin Biyan Ɗan Jagora Almubazzaranci Ne?

  

Bayan an gama aikin kaka, masara ta shiga rumbu, sai na ware kuɗin da suka kusa kai na rabin buhu, na ba wani dattijo, tsohon malamin tarihi a birnin Katsina, domin ya kewaya da mu wuraren tarihin birnin daga hantsi zuwa la'asar sakaliya. Mu huɗu ne: ni da ƙanena da ɗalibaina biyu na Islamiyya. Da na dawo gida Funtua, mutum biyu suka tare ni da magana. Na farko kawuna ne, manomi, wanda ya dube ni ya ce, "Yanzu kai ɗan nan, kuɗin taki ka ɗauka ka ba wani ya nuna maka tsohon gini? Ba ka da idanu ne?" Na biyu kuwa abokina ne da muke karatun Hadisi tare. Shi ya ji cewa har maƙabarta muka shiga, sai ya ja ni gefe ya ce in yi hattara, domin daga irin wannan yawo ne ake zamewa a faɗa cikin bidi'a.

Dukansu masoyana ne, kuma maganar kowannensu tana da nauyi. Shi ya sa na ga ya dace in ba su amsa a nan, inda ku ma za ku amfana ko ku yi mini gyara. Ra'ayina shi ne: biyan masani ya nuna maka tarihin garinku ba ɓarnar dukiya ba ne, neman ilmi ne, muddin jagoran mai gaskiya ne, kai kuma ka san abin da ya kai ka.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Na je Katsina ya fi a ƙirga, ko neman takarda a ma'aikata, ko dubiya a asibiti, ko ɗaurin aure. Amma ban taɓa tsayawa a gindin hasumiyar Gobarau ba. Alhali da za ka tambaye ni fadar Alhamra ta Andalus, ko masallatan Istanbul, da na zuba maka bayani, domin na kwana ina kallonsu a intanet. Na tabbata da yawa daga cikinku haka kuke. Mun san tarihin Musulmin nesa, mun jahilci na kakanninmu, har ya zauna a zukatanmu cewa ilmi da wayewa kullum daga waje suke zuwa mana.

Mun tashi daga Funtua bayan sallar asuba, muka bi ta Bakori da Malumfashi, muka ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankia da Charanchi, muka iske Malam yana jiranmu a Ƙofar Ƙaura. Kafin mu ɗaga ƙafa ya kafa mana sharaɗi. Ya ce, "'Ya'yana, abin da zan faɗa muku kashi biyu ne. Akwai wanda aka rubuta, akwai wanda aka ji a bakin kakanni. Duk inda muka je zan gaya muku wanne ne wanne." Wannan magana kaɗai ta biya ni kuɗina.

A Gobarau muka fara. Ga wanda ya zo shi kaɗai, abin da zai gani hasumiyar ƙasa ce mai tsawon kimanin ƙafa 50, ya ɗauki hoto ya tafi. Malam kuwa ya zaunar da mu ya ce ana danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15, kuma ragowar babban masallaci ce da ya kasance wurin karatu. Sannan ya ba mu labarin nan da ya shahara, na gardamar da malamai suka yi a kan alƙibla lokacin ginin, har wani baƙon malami mai suna Jodoma ya nuna da sandarsa aka hango Ka'aba. Da ya ƙare sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan na baka ne. Ku riƙe shi a matsayin labari, kada ku gina aƙida a kansa. Abin da yake nuna mana shi ne, mutanen wancan zamani sun damu ƙwarai da ingancin sallarsu."

Daga nan ya koma kan abin da aka rubuta. Ya ce a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya zo Katsina. A wannan zamanin ne kuma Imam Jalaluddin as-Suyuɗi, daga Misra, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashen nan, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ya zaro ido ya ce, "Malam, Suyuɗin Jalalaini?" Malam ya ce shi fa. Yaron nan kullum yana jin sunan Suyuɗi a wurin tafsirin azumi, amma bai taɓa tsammanin malamin ya san da zaman wani gari wai shi Katsina ba. Malam ya ƙara mana da Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi ɗan ƙasar Katsina, wanda ya yi hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misra. Da muka bi ta unguwar Masanawa kuma, ya ambaci Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, ya kuma yi wa Ishiriniya sharhi da Larabci.

Bayan azahar muka je tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, yanzu kuma ta zama gidan adana kayan tarihi. A cikin waɗannan ɗakuna na ƙasa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Muka wuce Ƙofar 'Yanɗaka, inda Lugga ya shigo birnin da sojojinsa a 1903. A nan Malam ya tsaya ya jero mana yadda mulki ya yi ta sauya hannu: zuriyar Korau ta yi ƙarnoni, jihadi ya zo Ummarun Dallaje ya karɓi gari wajen 1807, tsofaffin sarakuna suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, sannan Turawa suka zo, sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko a 1906, Turawan su ma suka naɗe tabarmarsu a 1960. Ya ce, "Kowannensu da ya shigo ta ƙofofin nan ya ɗauka ya zo kenan." Babu wanda ya ce uffan a cikinmu.

To, Kawu, ga amsata cikin ladabi. Ina da idanu, amma gini ba ya magana. Kai da kanka, in ka sayi sabuwar gona, sai ka nemi dattijon da ya san iyakokinta da inda ruwa ke kwanciya, ka kuma ba shi goro, alhali kana ganin gonar da idonka. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ɗaukar ɗan jagora da lada yana da asali a Sunna. Ya tabbata cewa lokacin Hijira, Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar sun yi hayar wani ƙwararren masanin hanya, wanda malaman Sira suka ambata da Abdullahi bin Uraiƙiɗ, alhali a lokacin yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Almubazzaranci shi ne kashe dukiya a inda ba ta da amfani. Mu kuwa matasa, in muka lissafa abin da muke zubawa a katin waya cikin wata guda muna kallon abin da ba zai amfane mu ba duniya da lahira, za mu ji kunyar kiran kuɗin malamin tarihi ɓarna. Ban da haka, Alƙur'ani mai girma a wurare da dama, kamar a surorin Ali Imrana da Rum, ya umurce mu da yin tafiya a bayan ƙasa domin mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Dubawar da ake nufi ta hankali ce da wa'aztuwa, ita kuwa ba ta samuwa ga wanda bai san abin da yake kallo ba.

Saura maganar abokina, wadda ta fi nauyi. Gaskiya ne mun shiga maƙabartar Ɗan Marina, inda kabarin wannan malami na ƙarni na 17 yake, inda kuma aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Kuma gaskiya ne tsoron da abokina yake ji ba na banza ba ne. A bakin wurin wani saurayi ya biyo mu yana cewa in mun ba shi wani abu zai ɗebo mana ƙasar da ke biyan buƙata. Malam ya sallame shi da kyakkyawar magana, sannan ya juyo ya ce mana, "Mu yi musu sallama, mu roƙa musu gafara, mu tuna mu ma nan za mu zo. Roƙo kuwa Allah kaɗai ake yi wa." Abin da muka yi kenan, muka fito. Wannan ita ce ziyarar da Annabi (SAW) ya yi izini da ita bayan ya taɓa hanawa, ya kuma bayyana dalilin, wato tana tuna wa mutum lahira. Na san hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi domin ibada ga masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus. Mu ba mu je Gobarau don sallar can ta fi lada ba, ba mu kuma je don neman tabarruki da gini ba. Mun je karatu ne. Kuma wurin da ya fi girgiza ni a duk yinin shi ne maƙabartar nan: ga malamin da aka shekara fiye da ɗari uku ana ambatonsa, ga shugaban ƙasar da muka ga jerin gwanon motocinsa da idonmu, ƙasa ɗaya ta rufe su.

A nan ne ma nake ganin hujjar abokina ta koma goyon bayana. Wurin da babu masani, ai ba ya zama babu mai magana. Irin saurayin nan ne ke cike gurbin. Alhazanmu sun san haka, domin da yawa sukan dawo daga ziyarar Madina da labaran da direba ya ƙaga musu a hanyar Uhudu. Maganin jagoran ƙarya shi ne jagoran gaskiya, ba ƙaurace wa tarihi ba. Idan masu kishin Sunna suka guje wa waɗannan wurare, sun bar su ke nan a hannun masu sayar da ƙasa.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda zai yi irin wannan tafiya. Ka nemi jagoran da aka san shi da ilmi, ko malamin tarihi ko ma'aikacin gidan tarihi, ba duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ba. Ka gwada shi da tambaya ɗaya: "Malam, a ina aka samo wannan?" In ya fusata, ko ya zamana komai ya sani, to ka yi hankali da shi, domin masani na gaskiya ba ya jin nauyin cewa Allah ne mafi sani. Ku yi ciniki tun farko, a san lada a san lokaci, kamar yadda shari'a ta tsara a kowace ijara. Ku tsara tafiyar yadda salla ba za ta kuɓuce muku ba, ku yi tafiyar rana, ku kuma tambayi halin da hanya take ciki kafin ku tashi. Ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar, nauyin zai yi sauƙi. Sannan ku riƙe littafi da alƙalami, kada waya ta shagaltar da ku da ɗaukar hoto har ku dawo da hotuna ɗari ba tare da darasi ɗaya ba.

Abin da ya sa nake gaggauta ku shi ne, abubuwan nan tafiya suke yi. Ganuwar Katsina da ta taɓa kewaye birni, mafi yawanta ta zube ko an yi gini a kanta. Ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe ba, damina kaɗan ta ishe shi. Dattawan da suka riƙe labarin kuma kullum raguwa suke yi. Malamin da ya kewaya da mu ya ce rabon da matasa 'yan ƙasa su neme shi domin wannan har ya manta, galibi baƙi ne daga nesa. Wannan magana ta tsaya mini a rai har muka iso Malumfashi da almuru.

Kuma ba sai an je Katsina kaɗai ba. Mu nan kudanci muna da namu. Malumfashi mazaunin Galadiman Katsina ne. Maska tsohon gari ne da ya girmi Funtua nesa ba kusa ba, har yau kuma hakimin Funtua Sarkin Maska ake kiransa. A kan hanyar Gusau, kusa da Tsafe, akwai 'Yandoto, wadda ta yi suna da malamai tun kafin jihadi. Ko tashar jirgin ƙasa ta Funtua da hada-hadar auduga da suka raya garin suna da labarin da yawancinmu ba mu sani ba. Mu nawa ne muka taɓa zama gaban wani tsoho a unguwarmu muka ce ya ba mu tarihin masallacin da muke salla a ciki?

Kawuna dai har yanzu yana ganin taki ya fi. Amma da ƙanena ya ba shi labarin wasiƙar Suyuɗi, ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce in za mu koma baɗi a gaya masa da wuri. Abokina kuma mun yi alkawari da shi za mu tafi tare, ya gani da idonsa, in ya ga abin da ya saɓa wa shari'a ya faɗa mini a wurin, ni kuwa zan karɓa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina kuma neman gafararsa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu wa'aztu da su tun kafin a wa'aztu da mu. Wassalamu alaikum.